Sun ce ciwon ya ɓace, to me ya sa suke son ci gaba da yi masa hoto?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi, 'ya'yanmu biyar. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar, shekarunsa 49. Ya daɗe yana ganin jini in ya zaga, muka ɗauka basir ne, abin da mutanen nan ke ce wa kooko, babu irin jiƙon da bai sha ba. Sai da ya rame, zaman kujerar mota ya gagare shi, sannan ya yarda muka je asibiti. Aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne a dubura. An yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, na sati biyar da 'yan kwanaki, yana haɗawa da ƙwayoyi. Na sayar da kayan ɗakina, amma mafi yawan kuɗin wansa ne ya biya, Alhaji babba, wanda shi ne uba a gidansu yanzu.

Bayan wata biyu da rabi aka sake yi masa hoton MRI, aka leƙa ciki da kyamara, likita ya ce ba su ga ƙarin ba sai tabo. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi tiyata a cire wurin, kuma da yake ciwon yana can ƙasa ƙwarai, mai yiwuwa ya zauna da jakar bayan gida a cikinsa iya rayuwarsa. Ko kuma a dakata a sa masa ido. Ya ce akwai binciken da suke yi a kan masu irin wannan ciwo, in ya shiga za a riƙa duba shi ana yi masa hoto duk wata uku, kuma ba zai biya kuɗin hoton ba. Suka ba mu takarda mai shafi da yawa da Turanci.

Tun ranar gidan ba zaman lafiya. Alhaji ya ce zakaran gwajin dafi suke so su mai da ƙaninsa, ba a kyauta a banza, kuma wannan na'ura tana shan jinin mutum. Har ya kawo mai magani ya ƙarasa aikin. Shi kuma maigida ya ce tiyata dai ba da shi ba, don yakan ja salla a masallacin tasha, yaya zai tsaya gaban mutane da jaka? Hoton ma ya ce ya gaji, tunda likita da bakinsa ya ce babu ciwo, zai koma hanya ya nemi abin biyan bashi. Ni gabana faɗuwa yake yi dare da rana. Na yi tunanin in je wurin likita a ɓoye in roƙe shi ya tsorata shi, ya ce masa ciwon yana nan. Hajiya, in yi haka? Kuma wannan binciken, da gaske cutar mu za a yi?

Daga 'yar'uwarki a Aboabo.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Wanda bai taɓa zama a kan bencin sashen masu ciwon daji tun asuba ba, da robar ruwa da takardu a hannu, ba zai san abin da kika sha ba a watannin nan. Kafin komai ina so ki ɗan tsaya ki karɓi albishirin da aka yi muku, domin rigimar gida ta hana ki jin daɗinsa. A cikin waɗanda ake yi wa irin gashin da aka yi wa maigidanki, tsiraru ne ƙarin yake narkewa har a neme shi a rasa. Mijinki yana cikinsu. Wannan abin godiya ne ga Allah, kuma haƙurinki da kuɗin Alhaji ba su tafi a banza ba.

Amma faɗuwar gabanki ma tana kan hanya, kuma ke ce kika fi kowa a gidan fahimtar maganar likita. Bai ce babu ciwo ba. Cewa ya yi ba su gan shi ba. Bayan gashi, wurin da ƙarin yake yakan koma tabo mai tauri, kuma duk ƙwarewar mai karanta hoto, MRI ba ta iya rantsewa cewa babu 'yan ƙwayoyin ciwo masu rai da suka laɓe a cikin tabon nan. Kin san murhu idan an gama girki da dare: sama toka ce fari fat, wani lokaci ya mutu murus, wani lokaci kuma akwai garwashi a ƙasa, ba ki sani ba sai kin dawo kin tona. Shi ya sa likitoci ba sa dogara da abu ɗaya. Suna haɗa uku: likita ya taɓa wurin da yatsa, a leƙa da siririn tiyo mai kyamara a ga fatar hanjin ido da ido, sannan MRI ta nuna abin da ke cikin bangon hanjin da kaluluwar da ke kewaye, inda kyamara ba ta kai. Sai ukun nan sun yi baki ɗaya ake cewa ga alama ciwon ya tafi. Kuma ko sun yi baki ɗaya yau, dole a sake tambayarsu nan da wata uku.

Wannan dabara ta dakatar da tiyata a sa ido ba a kan mijinki aka fara ta ba, ki faɗa wa Alhaji haka. Wata likitar tiyata ce a birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil, Angelita Habr-Gama, ta fito da ita fili a shekarar 2004. A cikin marasa lafiya 265 da aka yi wa gashi, 71 an nemi ƙarinsu an rasa, sai ta bar su ba tiyata tana bibiyarsu, kuma suka yi kyau. Da farko likitoci da yawa ba su yarda da ita ba. Daga baya asibitoci 47 a ƙasashe 15 suka tara bayanan marasa lafiyarsu wuri ɗaya, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2018. Mutum 880 ne aka bari ba tiyata. Cikin shekara biyu, kimanin ɗaya cikin huɗu ciwon ya sake tsirowa a wurin. Daga cikin waɗanda ya dawo musu, kashi 88 cikin 100 a shekara biyun farko ya dawo, kuma kusan dukkansu a jikin bangon hanji ne, wato inda yatsa da kyamara da hoto za su iya kama shi tun yana ƙarami. Mafi yawan waɗanda aka kama nasu da wuri an yi musu tiyatar da aka jinkirta, aka cire shi.

Ki dubi lissafin nan ta fuska biyu. Uku cikin huɗu sun tsira da hanjinsu, babu jaka, kuma wannan shi ne abin da maigidanki yake fata. Amma ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin adadi ba ne, kuma babu wanda ya san ko mijinki yana cikin ukun ko shi ne ɗayan. Abin da ya ceci wannan ɗayan shi ne ana duba shi a kai a kai. Duk mutum 880 ɗin nan, babu wanda aka ce masa je ka gida ka warke. Akwai ma abin da ba zan ɓoye miki ba: likitoci sun lura cewa waɗanda ciwon ya sake tsiro musu sun fi shiga hatsarin ya bazu zuwa hanta ko huhu, don haka kowane wata da ya yi yana girma ba a sani ba asara ce. Tiyata har gobe ita ce hanyar da aka fi daɗewa da gwadawa. Sa ido hanya ce mai kyau ga wanda zai riƙe sharaɗinta. Abin da maigida yake shirin yi kuwa, ba tiyata ba dubawa, ba ya cikin zaɓin da likita ya ba ku, kuma shi ne kaɗai nake jin tsoro a cikin wasiƙarki.

Batun na'ura mai shan jini, wannan ki kwantar da hankalinki. MRI ba ta amfani da irin hasken da ake hoton ƙashi da shi. Maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo, ba ta ƙona komai, ba ta rage jini ko ɗigo, kuma ko sau nawa aka yi wa mutum ba ta tara masa wani lahani a jiki. Wahalarta ita ce kwanciya shiru na kamar rabin awa ko fiye a cikin rami mai ƙara kamar ana buga ƙarfe. In ƙuncin wurin ne ya ishe shi, ya faɗa, akwai abin toshe kunne, akwai abin da zai matsa ya kira su, wani lokaci ma akan ba da ɗan maganin kwantar da hankali. Hatsarinta na gaskiya ƙarfe ne. Direbobinmu da yawa a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, suka fara, in ya taɓa aikin walda ko gurza ƙarfe har ɓurɓushi ya faɗa masa a ido, ko akwai ƙarfe a ƙashinsa daga wani hatsarin mota, lalle ya sanar da su kowane zuwa. Zobe, agogo, makulli, waya, da laya ko guru in yana ɗaurawa, duk a waje ake bari.

Ɗaya hoton, wato CT, wanda akan yi sau ɗaya ko biyu a shekara don duba hanta da huhu, shi kam yana da haske irin na hoton ƙashi, kuma ya fi shi yawa. Hoton ciki guda ɗaya ya kai kimanin abin da jikin mutum yake ɗauka daga ƙasa da iska da sararin sama cikin shekara uku zuwa huɗu. Ba abin da za a yi ta yi ba dalili ba ne, amma ga mutumin da aka samu da ciwon daji amfaninsa ya rinjayi hatsarinsa nesa ba kusa ba. Gashin da ya riga ya jure a ƙugunsa ya ninka hasken hoton nan sau dubbai. Abin lura a CT shi ne ruwan da ake yi wa mutum allurarsa don hoton ya fito sosai: akan auna ƙoda tukuna, kuma in yana da ciwon suga yana shan metformin, ko ya taɓa yin borin jiki bayan allurar, ya faɗa. Ramar da Alhaji ya gani da kasalar jiki, jinin da ya daɗe yana zuba ne da wahalar gashi da ƙwayoyi. Jinin da za su riƙa ɗiba kuma ɗan kaɗan ne a sirinji, don auna wani sinadari da ake kira CEA, wanda yakan hau in ciwon yana motsi.

Yanzu Alhaji. Kada ki ɗauke shi abokin gaba, ƙanwata. Mutumin da ya zuba dukiyarsa don ƙaninsa ya rayu ba mugunta ce take sa shi magana ba, kuma zarginsa yana da tushe. Bahaushe ko ina yake ya ji labarin Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A nan Gana ma, a 2015, hayaniyar jama'a da ta 'yan majalisa ta sa an dakatar da gwajin rigakafin Ebola da aka shirya yi a Hohoe. Wanda ya san waɗannan in ya ji kalmar bincike ya ɗaga gira, ban ga laifinsa ba.

Kuma da ya ce ba a kyauta a banza, gaskiya ya faɗa. Masu bincike ba sadaka suke yi ba. Akwai abin da suke nema, wato hotunan mijinki da labarin yadda jikinsa zai kasance, su haɗa da na wasu su gane wane alama a hoto ne ke nuna ciwo zai dawo, wane ne kuma tabo kawai. Kusan duk abin da aka sani a kan wannan an samo shi ne daga marasa lafiyar Turai da Amurka da Barazil, namu na nan kaɗan ne a cikin lissafin. To ciniki ne: su samu ilimi, shi ya samu dubawa a kan lokaci ba tare da ya biya ba. Ciniki kuwa ba ya zama zalunci sai an ɓoye wa ɗaya sharuɗɗa. Saboda haka aikinku shi ne ku sa a baje muku sharuɗɗan a fili.

Dokar bincike a kan ɗan Adam ta ba ku wannan haƙƙi. Ba a fara irin wannan aiki sai kwamitin kula da ɗa'ar bincike na asibiti ko na jami'a ya amince, kuma in akwai sabon magani ko sabuwar na'ura da ake gwadawa, sai Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana, wato FDA, ta ba da izini, bisa dokar lafiyar jama'a ta 2012. Takardar da aka ba ku ya kamata ta ɗauki sunan kwamitin da lambar wayarsa. Wajibi ne a yi masa bayaninta da harshen da yake ji, Hausa ko Tuwi, harshen Asante, in ba ya karatun boko a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken, kuma a ba shi kwafi ya tafi da shi gida. Yana da ikon ya ƙi, yana da ikon ya shiga ya fita ranar da ya ga dama, kuma babu wanda zai rage masa kulawa saboda haka. Shi kaɗai ne zai sa hannu. Ba ke ba, ba Alhaji ba, ko da shi ya biya kuɗin magani.

In kun koma, ki tafi da tambayoyinki a rubuce, ko ki sa babban ɗanku ya rubuta. Ta farko, wadda ta fi kowace: binciken nan kallo ne kawai, ko akwai wani magani ko wata allura da za a ƙara masa? In an raba mutane gida biyu, wa yake zaɓa, likita ko ƙuri'a? Sannan ki tambaya wane hoto ne za a yi masa ko da bai shiga ba, wane ne kuma ƙari saboda bincike. Ki tambaya me kyautar ta ƙunsa, MRI kaɗai ko har da kyamara da CT da awon jini da kuɗin mota, kuma shekara nawa. In hoto ya nuna ciwon ya dawo, wa zai kira ku, cikin kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin tiyata? In na'urar ta lalace a watan da ya kamata a duba shi, ina za a tura shi? Wannan tambayar kada ki ji nauyinta, duk wanda ya yi jinya a ƙasar nan ya san na'ura takan tsaya. In kuɗin binciken ya ƙare kafin shekarun su cika, wa zai ci gaba da bibiyarsa? Kuma hotunansa, za a cire sunansa kafin a aika wa wasu? Likitan da yake aiki da gaskiya zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. In kuka ga ana kauce-kauce ko ana matsa muku ku sa hannu a yau, to ku dakata, ku kira lambar kwamitin.

Ra'ayina, in amsoshin sun fito sarai kuma binciken na sa ido ne kamar yadda kika bayyana, ban ga cuta a cikinsa ba, na ma ga alheri, domin abin da ya fi kayar da iyalai a wannan hanya shi ne kuɗin hoto. Wata uku ya zagayo, babu kuɗi a hannu, a ce bari sai wata mai zuwa, daga nan shekara ta wuce. Amma ki rarrabe abu biyu a zuciyarki, ki kuma rarrabe wa mutanen gida. Shiga bincike zaɓi ne. Dubawa ba zaɓi ba ce. In maigida ya ce shi ba ya son sunansa a takardar kowa, ba laifi, sai ku roƙi likita ya rubuta muku jadawalin dubawa na shekara biyun farko da kiyasin kuɗin kowanne. Kada ku ɗauka katin inshorar lafiya zai ɗauke komai, ku tambaya dalla-dalla, ku kuma leƙa ofishin jin daɗin jama'a na asibitin. Sai a kai wa Alhaji lissafin. In ya ce ya fi son ya biya da aljihunsa a kan a yi kyauta, ya taimaki ƙaninsa kuma hankalinsa ya kwanta.

Shi kuma maigida, ina jin ba hoton ne ya gajiyar da shi ba. Mutum ne da ya saba riƙe sitiyari daga nan har Nijar, ya saba shi ke bayarwa, yau ga shi matarsa ta sayar da kayan ɗaki, wansa yana biya masa, kuma kowane zuwa asibiti sai an buɗe masa inda namiji ya fi jin kunya. Kowane hoto kuma yana nufin kwanakin zullumi kafin sakamako ya fito. Kalmar ya warke ita ce ƙofar da zai fita daga duk wannan, shi ya sa ya riƙe ta gam. Kada ki fara da gardama a kan ko ya warke ko bai warke ba. Ki fara da abin da yake so. Ba ya son jaka, to ki nuna masa cewa dubawar nan ita ce mai tsare shi daga barin ciwo ya girma a ɓoye, kuma in ya guje ta, abin da zai iya tarar da shi ya fi jaka muni.

Tsoron jakar ma yana bukatar a taɓa shi, domin in ranar ta zo aka ce sai tiyata, kada ya gudu. Littattafan fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan unguwanninmu na Zango sun yi bayanin mai yoyon fitsari ko na bayan gida wanda ba ya iya riƙewa, kuma sun yi masa sauƙi a alwala da salla. Masu jaka suna salla, suna azumi, suna zuwa Hajji. Batun jan salla yana da nasa bayani a wurin malamai, don haka ya samu malamin da yake girmamawa ya tambaye shi a keɓe, tun yanzu da babu matsi. Ku roƙi nas ɗin da ke kula da masu jaka ta haɗa shi da wani magidanci da ke rayuwa da ita, su yi magana ta maza. Ya kuma tambayi likitan tiyata kai tsaye ko tasa jakar ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin, domin ya danganta da nisan tabon daga bakin dubura. In yana son jin bakin wani likita, haƙƙinsa ne. Manyan cibiyoyin gwamnati na wannan ciwo su ne Komfo Anokye a nan Kumasi da Korle Bu a Akra, ya karɓi hotunansa a faifai da rahotonsu ya kai a sake dubawa. Akwai kuma abin da maza ba sa furtawa, wato raunin da gashi ko tiyata kan kawo a shimfiɗa. In kin lura da haka, ki sassauta masa, ki nuna masa cewa wannan ma magana ce ta likita.

Sai maganar hanya, wadda a ganina ita ce za ta yanke hukunci. Kin fi ni sanin yadda mota takan maƙale a kan iyaka sati biyu ko uku, balle yadda hanyar Burkina ta zama a shekarun nan. Mutumin da aka ba ranar dubawa ba zai yiwu ranar ta same shi a bakin boda yana gadin albasa ba. Ku zauna ku duba ko zai iya komawa gajeren zango na shekara biyun nan, Techiman ko Tamale ko Akra, ko ya sa yaron mota da ya amince da shi ya riƙa yin doguwar tafiya. In ya ce shi fa ba zai iya alkawarin dawowa duk wata uku ba, to ya faɗa wa likita haka ƙarara, domin ga irin wannan mutum tiyata ta fi aminci, kuma gara a yi ta yanzu da jikinsa ya murmure.

Zuwa wurin likita a ɓoye don ya tsorata shi, a'a, kada ki yi. Likitan kirki ba zai yi wa marar lafiya ƙarya ba, kuma in maigida ya gano, ke da likitan duka kun rasa amincewarsa a lokacin da ya fi bukatar wanda zai yarda da shi, sai maganar Alhaji ta tabbata a idonsa. Gaskiyar ma ta isa. Abin da za ki iya yi a fili shi ne ki ce masa kina so ku koma tare, kuma a gabansa ki roƙi likita ya buɗe hoton farko da na yanzu a kwamfuta, ya nuna masa inda ƙarin yake da, da tabon da ya rage, ya gaya masa lissafin ɗaya cikin huɗun nan da bakinsa. Direba mutum ne mai yarda da abin da idonsa ya gani.

Ki fara da shi shi kaɗai, da dare bayan yara sun kwanta, ba ranar da aka yi musu ba. Ki gaya masa tsoronki kamar yadda kika gaya mini, ba tare da ambaton kayan ɗakin da kika sayar ba. In ya sauko, shi ne zai je wa wansa, ba ke ba. In kuma kin san ba ya iya haɗa ido da Alhaji, ku nemi wanda Alhaji yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani kawunsu, ya roƙe shi abu ɗaya tak: ya raka ƙaninsa asibiti ya yi tambayoyinsa da kansa. A ba shi girmansa, a bar shi ya yi wa likita tambayar ƙwaƙwaf. Sau da yawa wanda aka bari a waje shi ne mai adawa, in aka shigo da shi sai ya koma mai tuna wa kowa ranar asibiti.

Mai maganin da aka kawo, addu'a da sauka da sadaka babu mai hana ku, a yawaita ma. Amma duk abin da za a sha a nuna wa likita, saboda hanta da ƙoda. Abin da za a cusa ko a ɗura ta dubura kuwa, da bentuwa, wato 'yar robar ɗura ruwa, ko da wani abu, wannan ki tsaya tsayin daka ki hana. Naman da aka gasa yana da rauni, yana saurin fashewa ya yi jini, kuma kumburin da zai biyo baya yana iya rikita hoton har a kasa gane ciwo ne ko rauni.

Akwai wata magana da za ki ajiye wa Alhaji sai ƙura ta lafa. Wanda ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon daji na hanji, musamman kafin shekara 50, shi ma hatsarinsa ya ɗaga. Likitoci suna shawartar 'yan'uwa da 'ya'ya su fara leƙa hanji tun suna shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan. Alhaji ya kai, haka ma duk ƙanensu da ya cika waɗannan shekaru, yaranku kuma su tashi da sanin haka, kuma kada a sake kiran jini basir a gidan nan ba tare da likita ya duba ba.

Kada ku bar maganar ta yi ta jan ƙafa. Ku kira asibiti cikin satin nan ku karɓi rana, ko da ba a gama shawara a kan binciken ba. Kafin ranar, in kin ga jini ya dawo, ko majina a bayan gida, ko yana yawan jin kamar zai zaga amma babu komai, ko ciwo a ƙugu da ba ya sauka, ko rama ta sake farawa, kada ku jira wata uku ya cika, ku tafi a ranar. Ke ma ki samu 'yar'uwa ko ƙawa da za ta riƙa karɓar ki zaman asibiti wani lokaci, ki ci abinci, ki yi barci, domin tafiyar shekaru ce. Allah Ya ba maigida lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa Alhaji da alheri. In kun dawo daga wurin likita, ki rubuto mini amsoshin da suka ba ku a kan takardar, mu duba su tare.